Ɗalibar da Ba a Faɗi Sunanta Ba

Ranar da Haulatu ta fara ganin teku, a ranar ta fara ganin Isiyaku, kuma har yau in aka tambaye ta wanne ya fi ruɗa ta sai ta rufe fuska tana dariya.

A shekarar 1991 ne, tana ajin ƙarshe a makarantar horon malamai ta mata a Ibadan. Makarantar ta kwashi ɗalibai ashirin da biyu zuwa wani ƙauyen hutu da ke bakin teku, can gaba da Badagry, inda Turawa da masu kuɗin Legas kan je shan iska. Sai da ta yi sati biyu tana roƙon mahaifinta, Alhaji Iliyasu dillalin albasa a kasuwar Bodija, kafin ya sa hannu a takarda.

"Ki sani," in ji shi, "in na ji wata magana, ke da boko kun yi sallama."

Alhaji kuwa ba ya maimaita magana.

Isiyaku shi ne ɗan jagoran ƙauyen hutun. Aikinsa ke nan safe da yamma, ya shige gaba baƙi na biye da shi, ya bi da su ta bakin ruwa, ya ratsa gonakin kwakwa da na rogo, ya sauke su a ƙauyen masunta inda mata ke banda kifi. Dogo ne siriri, yana tafe ba takalmi. Da Turanci da Yarbanci yake yi wa ɗaliban bayani, shi ya sa Haulatu ba ta kawo komai a ranta ba, sai da ya yi tuntuɓe da wata saiwa ya ce, "Kai, subhanallahi!"

Ta ɗan matso. "Malam, ashe Bahaushe ne?"

Ya juyo ya dube ta, ya yi saurin sauke ido. "Rabi da rabi. Babana Bakatsine ne, Allah ya ji ƙansa, mamata 'yar masuntan nan ce. Ke fa?"

"Sabo, Ibadan."

"Ashe 'yar tudu ce. Kin taɓa ganin ruwan da ya fi rafinku na Ogunpa kuwa?"

Ta harare shi, amma dariya ta ci ƙarfinta. Daga nan duk abin da ya nuna wa sauran da Turanci sai ya ƙara mata guntu da Hausa: ga ramin ƙaguwa, ga inda kunkurun ruwa ke binne ƙwai, ga tarun da mutum talatin ke ja suna waƙa. Iska na kaɗa mata mayafi, ƙafarta na nutsewa cikin yashi mai ɗumi, ta ji kamar kada tafiyar ta ƙare.

Da la'asar ta yi, ta tambaye shi gabas. Ya nuna mata, ya ce ta haƙura su isa ƙauyen masunta, minti ashirin ne, akwai masallaci. Ta dubi wani ɗan tsibiri mai bishiyoyin kwakwa, wanda zirin yashi busasshe ya haɗa da gaɓa, ta ce, "Can fa? Ba kowa."

"Can ne ma ba za ki je ba. Don Allah ki biyo mu."

Bai gaya mata dalili ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Yarinyar da aka haifa a Sabo, ina za ta san teku yana da lokacin cika da lokacin janyewa? Ita dai ta ga yashi busasshe, ta ga Turawa na yawo da gajerun wanduna a hanyar ƙauyen, ta ga wurin da za ta yi sallarta ba ido. Ta ja baya a hankali har ayarin ya sha kwana, ta tsallaka.

Ta yi salla, ta zauna kallon ruwa, ta manta kanta. Da ta tashi komawa, hanya ta ɓace. Ruwa ne kawai ke gudu a inda ta tako.

Isiyaku ya ƙirga ɗalibai a ƙauyen masunta ya ga saura ɗaya. Ya bar su a hannun malamarsu ya dawo da gudu, ya faɗa ruwan har ƙirji, ya iske ta tana kuka tana salati. Ba damar ya tsallako da ita, ruwan na da ƙarfin ja. Sai ya koma can gindin wata kwakwa ya zauna, ya ba ta baya, ya dinga ba ta labarin wani Bature da ƙaguwa ta kama wa yatsa har ta daina kukan. Awa biyu suka yi a haka kafin wani masunci ya ɗauko su a kwalekwale.

A ofishin manajan ƙauyen hutun aka tsayar da su, shi rigarsa na ɗigar ruwa. Malamar ta cika ta batse. Ta riƙe kafaɗar Haulatu ta ce, "Na san ki, ba ki da rawar kai. Shi ya ce ki je can ki jira shi, ko ba haka ba?"

Haulatu ta ji muryar mahaifinta a kunnenta. Ta tuna saura wata huɗu jarrabawa.

Ta gyaɗa kai.

Isiyaku ya dube ta sau ɗaya, bai ƙaryata ta ba. Nan take manaja ya ce ya ajiye rigar aiki ya bar wurin. Malamar kuma, don kare sunan makaranta, ta roƙi kada sunan yarinyar ya fita ko a takarda, aka bar shi a kan wata ɗaliba. Haulatu ta dawo Ibadan lafiya lau, ta ci jarrabawa, ta samu koyarwa a wata firamare kusa da unguwar Mokola. Kowa na yi mata barka, ita kuwa ko ruwan alwala ta ɗebo sai gabanta ya faɗi.

Bayan wata bakwai, ran wata Talata an tashi daga makaranta, ta hango shi tsaye a tsallaken titi. Ya rame, ya sa takalmi. Littattafan hannunta suka zube.

Ya tsallako ya tattara mata su. "'Yar Tudu. Kina lafiya?"

"Isiyaku, don Allah, ni..."

"Ina wajen ƙanin babana a nan Sabo, muna sayar da doya a Bodija. Garinku dai akwai hawa da gangara." Ya miƙa mata littattafan ya wuce.

Haka ya zame masa ɗabi'a. Duk ranar da ta buɗe baki za ta taɓo maganar, sai ya kawo wata. Amma bai daina tsayuwa a tsallaken titin ba, ita ma ba ta sake hanya ba. Samarin Sabo sun sa shi a gaba da tsiya, don shi kaɗai ne ke zuwa Bodija da ƙafa ya dawo da ƙafa alhali ga tasi nan birjik. Ya ce ƙafarsa ba ta saba zama ba. Ranar Lahadi kuma ya hau dutsen Mokola ya tsaya yana kallon jajayen rufin kwanon Ibadan, ya sauko ya rubuta mata wasiƙa, ya sa mata cikin littafi ran Litinin.

"'Yar Tudu, yau na hau dutse na duba ta ko'ina ban ga ruwa ba, sai kwano. Na nemo rufin gidanku na tsayar da idona a kai, sai na ji sauƙi. Akwai wata hanya a garinmu da ban taɓa bi da baƙi ba, ta bayan gonar kawuna, tana ɓullewa inda tsuntsaye farare ke kwana. Na ajiye miki ita. Naki, Na Ruwa."

Ta karanta ta fi sau goma, kowane karatu daɗi da zafi tare. Ta amsa masa:

"Na Ruwa, na ga saƙonka. Ban cancanci hanyar nan ba, kai ma ka sani. Amma in da gaske kake, ƙofar gidanmu ta fi tsallaken titi kusa. Ka daina tafiya cikin rana ba hula. Taka, Haulatu."

Ya fara zuwa zance da yamma, su zauna a zaure kafin magariba. In yana ba ta labarin gaɓar teku, har ƙamshin bandar kifi take ji. Mahaifiyarta, Hajiya Ashatu, wadda ke sayar da waina daga cikin gida, ta leƙo shi sau biyu ta ce yaron yana da kunya, ta fara ware masa mai zafi.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Abdulsalam, ɗan 'yar'uwar Alhaji, mai kula masa da rumfa. Shekara uku yana kawo wa Haulatu turare da atamfa tana ce masa Yaya, shi kuwa ba Yayan yake so ba.

Da manyan Isiyaku suka kawo gaisuwa, Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi sati biyu. Ba a ba da 'ya a Sabo sai an yi bincike, a je har inda mutum ya tashi a ji halinsa daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Kuma wa Alhaji zai aika in ba yaron hannun damansa ba?

Abdulsalam ya yi kwana biyu ya dawo fuskarsa fes. Abin takaicin, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da aka gaya masa shi ya kawo: an kori Isiyaku daga aiki saboda ya yaudari wata ɗaliba ya keɓe da ita a tsibiri har awa biyu. Manaja ya faɗa, masu gadi sun faɗa. Sunan yarinyar da na makarantarta ne kawai suka ce an yi alkawarin ba za a faɗa ba.

Haulatu na tsakar gida tana tankaɗe lokacin da Alhaji ya sa aka kira Isiyaku zaure. Komai tana ji.

"An kore ka?"

"An kore ni, Baba."

"Kun zauna da 'yar mutane ku biyu a tsibiri?"

"Mun zauna. Ruwa ne ya tare mu."

"Ita ta ce kai ka kira ta can. Ƙarya ta yi?"

Rariyar ta tsaya a hannun Haulatu.

"Baba, yarinya ce, ta tsorata."

"Wace ce? Faɗi sunanta in aika a tambaye ta."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya ba."

"To tashi ka ba ni wuri. Wanda ya yi wa 'yar wani zai yi wa tawa. Ka san yadda uban yarinyar nan zai ji in ya sani? Ni da tawa ta taɓa zuwa bakin tekun nan, da ta dawo lafiya sai da na yi sadaka."

Haulatu ta ajiye rariya ta shige ɗaki ta toshe bakinta da filo. Alhaji bai taɓa tambayar sunan wurin da makarantarsu ta je ba, shi duk teku ɗaya ne a wajensa. Ga shi yau yana tausayin wani uba, bai san kansa yake tausaya wa ba.

Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. A rana ta uku wasiƙa ta zo.

"'Yar Tudu, kada ki ce komai. Baba yana alfahari da ke, kada ki karya masa zuciya saboda ni. Zan koma wajen mamata ranar Asabar. Ki ci abinci. Na Ruwa."

Nan ne ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Sau ɗaya ta raba shi da aikinsa, yanzu kuma shirunta zai raba shi da garin, da sunansa, da ita kanta, kuma shi ne ma ke cewa ta ci abinci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji na zaune a tabarma yana jiran tuwo, Hajiya na gefe, Abdulsalam na bakin ƙofa. Haulatu ta zo ta durƙusa.

"Baba, ɗalibar nan da ba a faɗi sunanta ba, ni ce."

Hajiya ta saki ludayi. "Ke Haulatu, kina cikin hankalinki?"

Ta faɗi komai. Yadda ya hana ta zuwa, yadda ta saci jiki, yadda ya shiga ruwa har ƙirji, yadda ya ba ta baya awa biyu cur. Da ta zo kan tambayar malama ma ba ta tsallake ta ba. "Na ji tsoron ka cire ni daga makaranta, na gyaɗa kai. Bai yi min komai ba, Baba, sai ceton raina. Ni na cuce shi."

Abdulsalam ya zare jikinsa zai fita, Alhaji ya ce masa, "Tsaya. Ka nemo mana mota ta gobe da asuba, ka je ka gaya wa yaron nan ya shirya." Sannan ya dubi 'yarsa. "Ba ni za ki gaya wa ba. Inda kika yi ƙaryar, can za ki je ki warware ta."

Tafiyar awa biyar suka yi. A ƙauyen hutun Alhaji bai yarda a shiga ofis ba. Ya ce a tara ma'aikata a fili, masu gadi da masu dafa abinci da masu shara, duk wanda labarin ya taɓa shiga kunnensa. Haulatu ta tsaya a gabansu ta faɗa da Yarbanci, ta sake faɗa da Turanci, hawaye na zuba ba ta share ba. Wata tsohuwa mai wanki ta tafa hannu ta ce ita dama ta san ɗan nan ba zai aikata ba. Manaja ya cire tabarau ya kama hannun Isiyaku da hannu biyu, ya ce masa aikinsa na nan in yana so, don tun tafiyarsa jagora uku aka yi duk suna ɓatar da baƙi a gonar rogo.

Daga nan Alhaji ya ce, "Kai ni in ga wurin."

Ya tattare babbar riga ya riƙe takalmansa a hannu. Isiyaku na gaba, Alhaji na biye, Haulatu da Abdulsalam a baya. Suka bi ta ƙarƙashin kwakwa, suka wuce masunta na ɗinkin taru, suka fito fili inda teku ya buɗe ba iyaka. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana fatauci tsakanin Sakkwato da Ibadan ya tsaya cak yana tasbihi. Da suka isa, zirin yashin na nan a bushe. Isiyaku ya ce a ɗan jira. Ba a yi rabin awa ba ruwa ya fara lasar yashin ta gefe biyu, kafin wani lokaci ya haɗe yana gudu.

"A cikin wannan ka shiga?"

"Ya ɗan fi haka a ranar, Baba."

Alhaji ya juyo ya fuskance shi sosai. "Na kore ka daga zaurena ba da haƙƙinka ba. Ka yafe min."

Isiyaku ya zube ƙasa. "Haba Baba, don Allah ka daina."

"Na tura mutum har bakin teku ya binciko min halinka, ban binciki tsakar gidana ba. In har yanzu kana son ta, bayan ka san abin da ka sani, na ba ka."

Abdulsalam ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi ni da ni ne, da tun a ofishin manaja na tona." Aka yi dariya, har da shi.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Sabo ta cika, 'yan Bodija suka zo da buhunan albasa da doya gudummawa, dangin mahaifiyar Isiyaku suka iso daga gaɓar teku da kwandunan kifi, Hajiya Ashatu ta rasa da wane yare za ta yi musu sannu da zuwa. Isiyaku ya koma aikinsa, Haulatu ta samu canjin makaranta zuwa can.

Da safen da suka fara karyawa a ɗakinsu su biyu, ta zuba masa shayi ta ƙi sakin kofin.

"Na Ruwa, kowa ya ce ya yafe min. Baba ya ce, Hajiya ta ce, har manaja. Kai kaɗai ne ba ka taɓa faɗa ba. Yau ba za ka sako labarin doya ba."

Ya yi murmushi, sai kuma murmushin ya gushe.

"Ban faɗa ba don ba na son in yi miki ƙarya. Wata bakwai ina jin haushinki, Haulatu. Mamata ta daina zuwa kasuwa saboda surutun mutane. Kin san abin da ya kawo ni Ibadan? Ba doya ba ce. Na zo ne in tsaya a gabanki in ce Allah ya isa. Tun a mota nake haddace ta."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. "Me ya hana ka?"

"Na ga yadda littattafanki suka zube. Na gane ba ni kaɗai nake ɗauke da abin ba. Daga nan so ya shigo, haushin kuma bai gama fita ba, suka zauna tare a raina. Ban san ranar da zai fita ba, sai da na gan ki tsaye a gaban masu wanki kina faɗa da bakinki." Ya sa hannu ya ɗago fuskarta. "Na yafe miki, matata. Duniya da lahira."

Ta yi kuka sosai, irin wanda ta shekara biyu tana haɗiyewa, shi kuma bai hana ta ba. Da ta gama ta share fuska, ta ce shayin ya huce bari ta ɗumamo. Ya ce ta bar shi haka zai sha.

Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidansu da zuriya mai faɗin gaskiya tun da wuri. Amin.